Ka Ce Kuɗi Ne Kawai? To Gyara Zama, Maigida

Tun ban buɗe baki ba na ga ka taɓe naka. An ce maka yau za a tattauna abin da ke sa gida mai yara ya zauna lafiya, sai ka tura hula gaban goshi ka ce, "Wannan ai ba ya buƙatar dogon Turanci. Kuɗi ne. A ba ni kuɗi a ga aiki." Madalla, ranka ya daɗe, sannu da hikima. Da abin haka yake, da tuni malaman tarbiyya sun naɗe buzunsu, likitocin yara sun koma sayar da katin waya, ni kuma na jefar da alƙalami na kafa lema a bakin titi ina sana'ar POS. To amma tun da ka zo da kokawa, gyara ɗamara. Ni ma yau ban da wani aiki sai kai.

Bari in fara ba ka naka, kada ka ce na zalunce ka. Yunwa ba ta jin wa'azi. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, duk mai iyali ya san yadda mudu ya koma abin sallama daga nesa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, wannan ba musu. Har hujja zan ara maka, tun da na san ba ka zo da ita ba. A Jigawa da Zamfara an taɓa gudanar da wani shiri da tallafin gwamnatin Birtaniya, ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger suka riƙe shi. Duk wata ana ba mai ciki naira 3,500, tun daga goyon ciki har yaro ya cika shekara biyu. Da masu bincike suka koma suka auna yaran, sai suka tarar tsumburewa ta ragu, abinci ya ƙaru a gidajen, matan sun sayi awaki sun ja jari.

Na ga kana tafi. Dakata, tafin ya yi wuri. A hannun wa aka damƙa kuɗin? A hannun uwa, Malam. Kai ko ƙamshinsu ba a ba ka ajiya ba. Kuma tare da kuɗin aka riƙa zama da iyaye ana koya musu yadda ake shayarwa da abin da ya kamata a zuba wa yaro a kwano. Ke nan ko kuɗin da kake taƙama da su, sai an duba hannun da suka faɗa da kuma kan da ke juya su. Naira dubu uku da ɗari biyar a gefen zanen uwa ta zama akuya. A aljihun wani maigidan da na sani, kuma kada ka waiwaya, da ta zama data da tsire.

Ka ce ai kai kana ba da kuɗin cefane kullum, ba fashi? Allah ya ƙara buɗi. To zo mu leƙa tsakar gidanka da magariba. Ga tukunya an sauke. Ludayin farko ya nutsa har ƙasa, ya kwaso tsokoki uku da suka yi wa miyar nan rakiya, ya juye su a langar maigida, aka rufe, aka ɗora faifai, aka kai ɗaki kamar amarya. Ga yara biyar sun kewaye faranti ɗaya. Babban ya iya loma, na tsakiya ya iya ƙwace, ƙaramin mai wata goma sha takwas yana dangwala yatsa a miya yana lasa, kafin ya haɗiye ta farko an suɗe kwano. Sai a ce yaron nan ba ya son abinci. Yana so mana, gasar ce ta fi ƙarfinsa.

Kai kuwa, kafin ka iso ga langar nan, ka riga ka biya teburin mai shayi an soya maka Indomie da ƙwai biyu. Ranar albashi ka tsaya wurin mai tsire, ka ci a tsaye kana waige-waige, ka goge baki da takardar, ka tauna goro don kada ƙamshin ƙuli ya tona maka asiri. Ka shigo gida fuska a murtuke kana cewa gari ya yi zafi. Gari ya yi zafi, amma yajin da ke gemunka fa?

Kada ka ce min ƙwai ba abincin yara ba ne, wai yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo zai zama. Wa ya kafa wannan doka? Ina zargin wani babba ne mai son ƙwai. In ƙwai na sa sata, ai da masu cin biyu-biyu a teburin mai shayi aka fara kamawa. Masana lafiyar yara suna maganar kwana dubu na farko, daga ranar da ciki ya shiga zuwa cikar yaro shekara biyu. A wannan tsakanin ake gina ƙwaƙwalwa da ƙashi, kuma abin da aka rasa a nan da wuya a cike gurbinsa daga baya, ko da an yi arzikin kai yaron makarantar da ake biya da dala. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma abin da cikin nan ɗan mitsitsi ke nema ba daga kantin zamani yake ba: kunun gyaɗa mai kauri, wake, awara, zogale, miyar kuka da ɗan kifi, ƙwai ɗaya in ya samu, a kwanonsa shi kaɗai, sau da yawa a yini, da babba zaune kusa yana lallaɓa shi.

Ka ce to shayarwa dai maganar mata ce, a cire ka? Ina! Zauna. Ayar da ta ambaci shayarwa shekara biyu cikakku, a Suratul Baƙara, aya ta 233, ita ce dai ta ɗora wa uba ci da tufatar da mai shayarwa. Ka ga ko a nan an haɗa ka da aiki, ba ka da wurin zamewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nonon uwa zalla wata shida, ko ruwa kada a haɗa. Na san abin da za ka ce: "A wannan zafin na Afrilu? Ku ji min mugunta!" Malam, fiye da kashi 80 cikin ɗari na nono ruwa ne, kuma ruwan da ba a ɗebo shi daga randar da kowa ke tsoma moɗa ba. Dakashin nan mai rawaya da ake matsewa a zubar wai ƙazanta ne, shi ne rigakafin farko da Allah ya haɗo jariri da shi, kyauta, ba layi, ba kati. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna jarirai kashi 29 cikin ɗari kacal ke samun nono zalla a Najeriya. Ka ce laifin iyaye mata ne? Macen da ta yini tana daka da wanki da ɗiban ruwa, ta ci ragowar abin da ka rage, da me za ta shayar? Kuma ranar da dangi suka taru a kanta da jiƙo da cokali, wa zai tsaya mata in kai ka zame ka tafi majalisa?

Ke kuma Inna, na hango ki a bakin ƙofa kina dariya ana yi wa surukinki wankin babban bargo. Ina wuni, Inna. Ki yi dariyarki, kin cancanta. A ƙauyukan Gambiya masu bincike sun bi bayanan haihuwa da mutuwa na shekaru masu yawa, suka gano yaran da kakarsu ta wajen uwa ke raye sun fi samun abinci mai kyau, sun fi tsallake ƙuruciya da rai. Wato abin da Bahaushe ya daɗe da sani ne aka auna da sikeli. Al'adar nan ta tafiya wankan gida, mai jego ta kwana arba'in ba ta daka ba ta shara, ana dafa mata, ana karɓar mata jariri ta runtsa, hikima ce da ƙasashe masu arziki ke kashe maƙudan kuɗi suna neman kwatankwacinta.

Amma Inna, a gafarce ni, akwai 'yar magana. Kanwar nan ta yi yawa a kunu. Tun shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan masu jegon da ake kawowa zuciyarsu ta gaza, ƙafa ta kumbura, numfashi na sama-sama. Suka danganta abin da gishirin kanwa mai yawa da tsananin zafin da ake gasa jiki da shi, na tafasasshen ruwa da na gadon ƙasa mai wuta a ƙasa. Kin ce ku haka aka yi muku kuma ga ku garau? Gaskiya ne, Inna, ga ki nan tubarkalla. Waɗanda abin bai yi wa daɗi ba ne ba su samu zuwa ba da shaida ba. A bar mana hutun, a bar farfesun, a bar ruwan ɗumi da lallashi. Kanwar dai a yi mata rowa.

Mu koma kanka, Maigida, na ga kana shirin sulalewa. An zo maganar tazarar haihuwa, ka ce wannan shirin Turawa ne, bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Haka ne, Allah ne mai ciyarwa, kuma shi ne ya ba ka hankalin da kake ƙin kunnawa. Wane Bature ne ya koya wa kakanninmu kalmar kwanika? Su da in mace ta yi ciki a kan goyo sai ta rasa inda za ta sa fuskarta a gidan suna saboda habaici, mijin ma ya sha zolaya wurin abokan wasa. Su suka san yaro ya sha nono shekara biyu kafin a kai shi yaye gidan kaka. Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta zo ta ce a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin, ai bashin kakarka ta biya ba ta sani ba. Ba wanda ya ƙirga maka yawan 'ya'ya. An dai ce gonar da ake so ta daɗe tana ba da amfani, akan bar ta ta sha iska.

To yanzu ga inda na san za mu ɓata. Ka ce aikinka nema, aikinta reno, kowa ya tsaya a layinsa? Ni ma haka nake cewa, har ranar da Allah ya kama ni. Uwargida ce rashin lafiyar mahaifiyarta ya taso, ta tafi tun da hantsi ta bar min yara uku. Na ce mata ta tafi hankali kwance, me ake da yara uku ga mutumin da ke juya ma'aikata a ofis? Kafin azahar na nemi takalmin babban na rasa, ashe yana cikin randa. Na ɗora shinkafa, na tafi raba faɗa kan murfin kwalba, na dawo na tarar ta kama. Ta tsakiyar ta ce fitsari, kafin in gano inda fo yake an gama a kan dardumar sallata. Jaririyar ta tsanyare da kuka, na jijjiga, na yi waƙa, na yi rawa, na karanto duk addu'ar da na haddace, ashe ɗan kamfai ne ya jiƙe. Da la'asar na ɗauko zani zan goya ta, na ɗaura ta zame, na sake ɗaurawa ta karkace, maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta zagayo ta karɓe ta. Da uwargida ta dawo bayan isha ta tarar da ni zaune a ƙasa, hula a gefe, na yi zuru kamar wanda aka ƙwato daga rijiya. Ta ce, "Sannu da hutawa, ai yau ba ka je aiki ba." Tun daga ranar ban sake tambayar ta me take yi a gida tun safe ba. Gani ya kori ji.

Ka ce namiji da goyo, ai sai a kira shi mijin-ta-ce? Wa zai kira ka? 'Yan majalisar da kowannensu ke fakewa a benci don ya tsere wa kukan ɗansa? To ka ba su labarin nan in sun fara. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Nana A'isha ta ba da labarin cewa a gida yakan kasance cikin hidimar iyalinsa. Ranar da ya sumbaci jikansa Hasan, Aƙra'u ɗan Habis ya yi mamaki, ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da ya samu kuwa gargaɗi ce a kan rashin jinƙai. To kai wane ne, da ɗaukar ɗanka zai zubar maka da girma? Girman da ɗan wata shida zai iya zubarwa, dama can a gefen tebur aka ajiye shi.

Ka leƙa maƙwabta ma ka gani. A jihar Damagaram ta Nijar, sama da shekara goma sha biyar ke nan da aka fara abin da ake kira makarantar mazaje, da tallafin asusun kula da yawan al'umma na Majalisar Ɗinkin Duniya. Magidanta ne ke zama a inuwa, irin zaman da kuke yi, sai dai maimakon gardamar Arsenal da Chelsea, suna tattauna yadda matansu za su je awo, su haihu a hannun ungozomar asibiti, a gyara ɗakin haihuwa, a tanadi abin hawa kafin naƙuda. Majalisa ce ita ma, ta dai yi tuba. A Najeriya kuwa, tun 2021 gwamnatin tarayya ta amince wa ma'aikatanta maza hutun kwana 14 in an yi musu haihuwa. Don Allah in ka samu, kada ka ƙarar da shi a cinikin ragon suna da rabon goro. An ba ka ne don ƙarfe biyun dare, lokacin da jariri ke ƙwala ihu kai kuma ka saba jan bargo ka koma ɗakinka wai gobe kana da aiki.

Ka ce jariri me ya sani da za a zauna ana yi masa hira? Wasa ai ɓata lokaci ne? To saurari wannan, kai mai son lissafin riba. A birnin Kingston na Jamaika, a 1986 da 1987, an zaɓi yara tsumburarru 'yan ƙasa da shekara biyu daga unguwannin talakawa. Wasu daga cikinsu, duk mako ma'aikaciyar lafiya kan je gidansu ta yi awa guda tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa magana, ta yaba masa, da kayan wasan da aka ƙera daga tarkacen gida. Shekara biyu ana haka, aka tashi. Bayan shekara ashirin aka bi sawun yaran, sai ga shi waɗanda aka yi wa wasan suna samun kuɗin da ya ɗara na sauran da kusan kashi 25 cikin ɗari. Ka ji ko? Gwangwani da murfin kwalba da hira. Wane hannun jari ka taɓa saya da ya ba ka haka?

Mu kuwa da muke da kayan aikin tun fil azal, mun watsar. Ina tatsuniyar bayan isha, Gizo na tafka wayo Ƙoƙi na jan tsaki, yara na koyon magana da haƙurin sauraro ba su sani ba? Ina kacici-kacici, ina carafke, ina langa a dandali da farin wata? Yanzu yaro na motsawa sai a cusa masa waya a hannu don a samu sarari, uba na kallon tasa, uwa na kallon tata, gida tsit kamar ɗakin jarrabawa, sai ka ce zaman lafiya ne alhali kowa ya yi hijira ne yana zaune. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ajiye ɗan ƙasa da shekara ɗaya gaban allon waya ko talabijin sam, 'yan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada su wuce awa ɗaya a yini. Ba ta faɗi awa nawa ya dace da mai shekara arba'in da biyar ba. Ina jin kunyarka ta ji.

Af, ga bulala ka ɗauko. Ka ce ku duka kuka sha kuka zama mutane, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi? Karin maganar daidai ne, kunnenka ne ya yi maka gardama. Tanƙwarawa aka ce, Malam, ba a ce karyawa ba. Wanda ya taɓa yin baka ko ƙotar fartanya ya san a hankali ake bi, da ɗumi da lallaɓawa, in ka yi gaggawa ka tashi da guntaye biyu. Yaron da ake jibga kan kowane kuskure yakan koyi darasi, ba shakka: ya koyi ƙarya mai kyau, ya koyi jin takun sawunka daga nesa, ya koyi cewa mai ƙarfi shi ke da gaskiya, ya je ya gwada a kan ƙaninsa. Gidan da sallamar uba ke sa yara su watse kamar an jefa dutse cikin kaji, wannan tsoro ne ake yi wa laƙabi da tarbiyya. Doka kam a kafa ta, a tsaya a kanta, yau da gobe iri ɗaya. Kuma ka tuna barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kana aiken yaro ya ce wa mai bin ka bashi ba ka nan, gobe ka zane shi don ya yi ƙarya. Wa ya buɗe masa makarantar?

Uwargida, kada ki ce na manta da ke, laifi tudu ne. Haushin maigida da kike saukewa a bayan yara, da zagin da kike yi wa ɗa ki haɗa da dangin ubansa kaf, da gasar anko da ke cinye kuɗin adashen da aka ce na makaranta ne, duk muna gani. In kuma da abokiyar zama, yaran da ake turawa leƙen tukunyar ɗaya ɗakin ba 'yan leƙen asiri ba ne, 'yan'uwan juna ne da za su riƙe zumunci bayan ba ku. Ku biyun nan, kai da ke, kun ɗauka yara barci suke in kuna sa-in-sa da dare? Idonsu biyu, sun dai rufe ne. Yaro ya fi ma'aunin zafi saurin gane yanayin gida. Jami'ar Harvard ta Amurka ta fara bin rayuwar wasu samari tun 1938, aka haɗa da yaran unguwannin talakawan Boston, duka-duka su 724, aka bi su har tsufa. Abin da ya fi fitowa fili shi ne kyakkyawar dangantaka da na kusa ta fi dukiya da suna hasashen wanda zai tsufa cikin lafiya da farin ciki. Shekara tamanin suna bincike, suka iso inda Bahaushe ya ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Da sun tambaye mu, da mun rage musu kuɗin mota.

Amma ga wata da ba ta wasa ba ce, Maigida, ko da yake kai ka mayar da ita wasa. Mai jegon da ta daina dariya, ba ta barci ko jariri ya yi barci, tana kuka ba dalili, ba ta marmarin ɗaukar ɗanta, kada ka ce rashin godiya ne ko shagwaɓa, kada kuma a tsaya ga hayaƙi da turare kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na fama da damuwar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon baƙin ciki. Ciwo ne, yana da magani, kuma rabin maganin a samu mai saurare, a samu mai karɓar yaro ta yi barci. In uwa ta rushe, gidan gaba ɗaya ke zama a ƙasa, ko da rufinsa na decking ne.

Ka ce to gwamnati fa, ita ba ta da laifi? Tana da shi, tuli. Asibitin unguwa da ba magani, famfon da ya manta kamannin ruwa, ajin da yara ɗari ke zaune a ƙasa, rashin tsaron da ya raba manomi da gonarsa, duk suna cin gida mai yara kamar gara, kuma a ci gaba da faɗa har a ji. Sai dai abin da aka kawo maka har ƙofa ma ya ka yi da shi? Gidan sauron da aka raba, na gan shi ka kewaye lambun tumatir da shi, tumatir na barci lafiya, yara na kwana da sauro. Maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba 'yan ƙasa da shekara biyar duk wata a damina, ka ce a dawo ba ka nan. Allurar rigakafi ka ce akwai lauje cikin naɗi. Haka aka ce a 2003 da aka dakatar da ɗigon shan-inna a Kano, cutar ta bazu har ƙasashen waje, sai da sarakuna da malamai suka sa baki aka dawo hanya, har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a watan Agustan 2020. Gudawa kuwa, wadda kake cewa haƙori ne, kafin a kai ga asibiti lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri sun ceci yaran da ba su ƙirguwa. Nawa ne kuɗin wannan, kai mai cewa kuɗi ne kawai?

Ka lura da abin da ke ta dawowa tun ɗazu? Hannu. Hannun da ya karɓi kuɗin, hannun da ya riƙe ludayi, hannun kaka, hannun maƙwabciyar da ta zagayo ta karɓi goyona. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle ɗan mutum. A gidan gandu na da, yaro na da iyaye goma, in ya yi ba daidai ba a ƙofar gidan wani a nan za a gyara masa zama, don ɗa na kowa ne. Yanzu mun ja katanga mun ɗora mata waya mai ƙaya, mun sa ƙofar ƙarfe, mun kulle mace ɗaya da yara biyar a ciki, muna mamakin me ya sa take faɗa. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza: hannuwan da katanga ta kora, dole wani ya maye gurbinsu, kuma da na duba gidan nan sama da ƙasa, hannu biyu kawai na gani a aljihu. Naka ne.

Don haka ga jarrabawa, kuma ba ta buƙatar ko sisi fiye da abin da ka saba kashewa. Yau in an idar da isha, ka wuce majalisa ka ɗaga musu hannu daga nesa, za su rayu. Tsiren nan a ƙunshe shi, ya shigo gida da ƙafarsa. Ka kashe waya, ka zauna a tabarma, ka ɗora ƙaramin a cinya, uwarsu ta miƙe ƙafa ta ci nata da zafinsa ko sau ɗaya a shekara. Sannan ka gyara murya ka ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Za su kalle ka kamar baƙo, kada ka damu, da ma kusan baƙon ne.

Me ka ce? Ba ka iya tatsuniya ba? Haba, ranka ya daɗe. Kai da kullum sha ɗayan dare kake shigowa ka shirya wa uwargida labarin cunkoson hanya da tayar da ta yi faci, har da sunan mai facin? Ai ko Gizo a wurinka zai ɗauki darasi.